Yashin Mayo

Dorathy ce ta sa wa bakin kogin suna Legas. Mijinta Ya'akubu ya taɓa tuƙi a can, kuma tun suna neman aure yake mata alkawarin kai ta ta ga teku. Da alkawarin ya tsufa, sai ta ce yashin mayon Mubi, wato kogin garin, ma ya ishe ta.

Ran Larabar nan ya zo wanke akori-kurarsa, ita kuma ta biyo shi da kayan wanki. Direbobi sun saba tsayawa daga sama, inda ƙasa take da tauri. Amma Dorathy ta shiga watan haihuwa, bai so ta ɗauki bokiti mai nisa, sai ya gangara har bakin ruwa.

Bobboi mai wankin mota ya taho yana jan ƙafarsa ta hagu, wadda babur ya taɓa karyawa.

"Direba, damina bai gama fita ba. Saman yashin ne ya bushe, ƙasa ruwa ne."

"Na ajiye mota a bakin teku, Malam Bobboi. Wannan ɗan mayon ne zai ba ni tsoro?"

"Ya ajiye ta a kan kwalta, ya taka da ƙafa," in ji Dorathy. "Da bakinsa ya faɗa mini."

Suna cikin dariya aka fara jin harbi daga cikin gari. Da farko sun ce sojoji ne. Can sai ga mutane suna fitowa ta wajen Sabon Layi da ƙunshin kaya a ka, suna cewa 'yan bindiga sun shigo Mubi, kowa ya nufi hanyar Maiha.

Ya'akubu ya sa Dorathy a gaba, ya tayar da mota. Tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya. Ya ƙara wuta, suka ƙara nutsewa. Sauran direbobin suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya waiwayo.

"Maigida, ka daina. Kana haƙa mana rami ne."

Bobboi ne kaɗai bai tafi ba. Ya durƙusa ya rage iskar tayoyin har suka baje, ya tone yashin da hannu, ya cusa tabarmin mota da busassun kara a ƙarƙashi.

"Zan tura. In ya tashi, kar ka tsaya a kan yashi, zai sake zama. Ka jira ni a sama."

"Zan jira ka."

"Kuma tayan nan ba iska. Mutum huɗu, biyar. Ya fi haka, ba gudu."

Motar ta yi gurnani, ta fizgo kanta, ta haura. A madubi Ya'akubu ya ga Bobboi ya faɗi a kan gwiwa, ya tashi, ya fara ɗingisowa.

A sama kuwa hanya ta cika da mutane, kuma duk sun juyo suna kallon bayan motar da babu kowa a ciki. Ya'akubu ya gane lissafin nan take. In bai tsaya ba, kafin azahar Dorathy tana Maiha wurin yayarta, kusa da ungozoma. In ya tsaya, ba Bobboi ne zai fara hawa ba. Ya tambayi kansa wa yake da haƙƙi a kan motar nan: wanda ya fito da ita, ko wadda aka shiga yashin dominta, ko waɗannan da ba su yi komai ba sai gudu.

Ya dubi matarsa. Ta riƙe ciki da hannu biyu, tana kallon gaba.

"Kar ka tambaye ni," ta ce.

Ya taka burki.

Ba wanda ya nemi izini. Aka jefa yara, aka ɗora wata tsohuwa, maza suka bi ta gefe. Ya fito yana roƙo, yana nuna musu tayoyin. Wata mata mai goyo ta ce, "Baba, to ka nuna wanda zai sauka." Ya duba fuskokin, ya koma mazauninsa.

Da Bobboi ya iso, ko wurin sa ƙafa babu. Ya tsuguna ya dubi tayar baya, wadda ta kusa kwanciya a kan ƙarfe, ya girgiza kai.

"Da ka wuce, Direba."

"Na ce zan jira."

"To, ga shi ka jira. Sa giya ɗaya. Kar ka shiga rami."

Suka kama hanyar Maiha. Motar tana tafiya daidai da masu ƙafa, wani lokaci ma masu ƙafar su wuce ta. Bobboi ya dafa ƙofar direba yana jan ƙafarsa, bai saki ba. Harbin yana bayansu, bai matso ba, bai kuma yi nisa ba.

Bayan sun wuce gonakin farko, Dorathy ta kama hannun mijinta ta matse, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ciwon naƙuda ya fara?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai. Ya dubi hanya, mutane ne iya ganinsa. Ƙafarsa tana kan totur, ya kasa dannawa.