Ɗigon Ustad Mubashir

A duk kasuwar kwamfutoci ta Lahore, Ustad Mubashir kaɗai ya rage da ke taɓa tsofaffin injina. Shi ya sa Baji Nuzhat ta kinkimo masa kwamfutar marigayi mijinta, wadda ta haura shekara talatin. Waƙoƙin da mamacin ya rubuta duk suna cikin faifanta, babu kwafi ko ɗaya.

"Tafiyar hawainiya take, Ustad ji," in ji ta. "Kafin shafi ya buɗe na gama shan shayi. So nake in buga su littafi kafin ni ma in bi shi."

"Ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa, Baji. Kamar tawa."

Ya tono wata ƙwaƙwalwar mai gudu lamba ɗari a wajen masu gwangwan, ya cire mai hamsin ya dasa ta, ya jera 'yan filogin allon cikin injin yadda lambar ta nema. Minti goma injin ya ƙame. Ya sauya fanka, ya goge ƙafafun ƙwaƙwalwar, ya zagi kamfanin wuta. Taurin kai irin nasa, bai tsaya kwafe faifan ba, wai shi ba ɗan koyo ba ne. A karo na huɗu injin ya ƙame yana tsakiyar rubutu a faifan. Da ya sake kunnawa, wayam, babu waƙa ko ɗaya a faifan.

Sai a lokacin ya ɗauko madubin masu gyaran agogo. A ƙarƙashin sifilin ƙarshe na lambar ƙwaƙwalwar ya ga ɗan ɗigo.

Zamanin ƙuruciyarsa sana'ar rabin kasuwar ke nan: a goge lambar ƙwaƙwalwa mai sittin da shida da samfefa, a buga ɗari, a sayar da tsada, in an kora ta a gudun ɗari kuma ta ƙame. Kowa da alamarsa, don kada ya sayi kayansa da kansa. Ɗigon nan nasa ne. Shekara talatin abin yana yawo hannu zuwa hannu, bai tashi dawowa ba sai da idon Ustad ya mutu.

Da la'asar Baji Nuzhat ta dawo da kwalin alawar jalebi.

"Ta yi gudu?"

Ya ajiye madubin a kan tebur, idonsa na kan ɗigon.

"Kada ka damu, ko jibi ne zan jira," ta ce. "Marigayi kullum cewa yake, duk kasuwar nan ɓarayi ne, ban da Mubashir."