Baret Biyu Daga Garwa

Babbar kwamfutar ofishin auduga da ke Pitowa, wadda suke kira sarba, tana buƙatar ƙarin memori. Nazira, mai kula da ita, ta roƙi yayanta Lukmanu, dillalin shanu, ya sayo baret biyu, wato 'yan allunan memori, a Garwa. Bai tsaya jin lambar injin ba. Ya zaɓe su yadda yake haɗa shanun huɗa: girma ɗaya, kamfani ɗaya, gudu ɗaya.

Ta saka su, ta kunna. Fanka ta juya, sarba ta ƙi tashi. Ashe baret ɗin na ƙaramar kwamfutar tebur ne.

"Ai sun dace da juna," in ji Lukmanu.

"Sun dace, Yaya," ta ce tana zare su. "Garmar da za su ja ce ba ka duba ba."