Kwana Tara a Littafin Mai Awo

Shekara talatin da ɗaya Mai Awo ya yi yana buɗe ƙofar tashar yanayi da ƙarfe tara na safe. Tashar ma ba wata tasha ba ce, ɗan fili ne da aka zagaye da waya a bayan ofishin gona, da farin akwatin katako mai ɗauke da ma'aunin zafi, da wani gwangwani mai mazurari da ke tara ruwan sama. Zai juye ruwan a kwalbar awo, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da layin, sannan ya rubuta. Kwafi ɗaya ya tafi hedikwata, ɗaya ya zauna a littafinsa. Da ya yi ritaya sai ya kwaso littattafan ya jera a saman kabad, kullum yana kakkaɓe su. Matarsa takan ce da haka ya riƙa lallaɓa 'ya'yansa, da yanzu duk likitoci ne.

Likita dai bai samu ba, amma ya samu injiniya. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita aka ɗora wa zanen sabon kwalbati a titin bayan kasuwa, inda ruwa ke shiga wa mutane ɗaki duk damina. Kafin ta yanke faɗin bakin kwalbatin, dole ta san ruwa mafi yawa da aka taɓa yi a rana ɗaya cikin shekara arba'in. Ta je hedikwata ta tarar rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, abin da ruwa ya bari kuma gara ta ƙarasa. Shekara shida cur babu ko takarda ɗaya. Sai ta shiga yawon makarantu da gonaki da asibitoci, tana tambayar wanda ya taɓa ajiye ma'auni. Littattafan ubanta ne suka toshe mata ramin, kuma tun daga ranar kanta ya fasu, har mai gadin ofishinsu ya san cewa babanta bai taɓa tsallake rana ɗaya ba.

Ran Asabar da la'asar ta shigo falo da kwamfuta a hammata da wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta a leda. Ta gaishe shi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

"Baba, ka ga abin da na tono a sito na makarantar firamare, ƙarƙashin karyayyun bencina. Ashe tsohon hedimasta ma ya taɓa yin awo."

Mai Awo ya ƙura wa ledar ido. Tun kafin ta zare littafin daga leda ya gane bangon, shuɗi mai tabon tawada a kusurwa.

"Shekara biyu kawai ya yi," in ji Auta, "kuma lambobinku suna tafiya tare, ban da wata ɗaya. Duba nan. Ranar sha huɗu ga Agusta shi ya rubuta milimita ɗari da arba'in da biyu. Kai kuma ashirin da uku. Washegari shi babu komai, kai sha tara. Haka har kwana tara." Ta yi dariya. "Ina ga bawan Allah ya manta bai juye gwangwanin ba, ko yara sun ƙara masa da buta."

"Wanne za ki ɗauka?" in ji shi.

"Haba Baba, wannan ma tambaya ce? Naka mana. In na bi nasa sai na ninka bakin kwalbatin, shugabana ya ce na haukace. Ran Litinin zan miƙa zanen."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce a zo a ɗauki shayi kafin ya huce, Auta ta tashi ta tafi. Shi kuwa ya zauna da littafin hedimasta a cinya.

Abin da ya faru a watan nan bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matar tasa, wadda ta ɗauka aiki ne ya kai shi. Yana da shekara ashirin da tara ya ji ana ɗaukar masu awo a filin jirgin sama na wani gari. Ya san in ya nemi izini ba za a ba shi ba, don babu mai riƙe masa tasha. Sai ya datse kwaɗo ya hau mota, a lissafinsa kwana biyu ya dawo, babu wanda zai sani. Ranar da zai juyo sama ta ɓalle. Ruwan da ya kamata ya auna shi ne ya cinye gadar da zai bi, ya zauna a tashar mota yana kallon ikon Allah, har tafiyar kwana biyu ta koma kwana tara. Aikin ma bai samu ba.

Da ya dawo ya tarar gwangwanin ya cika ya tumbatsa. Ƙa'idar aikin a fili take, duk mai awo ya haddace ta: ranar da ba ka auna ba, ka ja ɗan layi a gurbin, ka rubuta dalili. To amma layi tara a jere takardar sallama ce, ga mata da goyo. Sai ya auna abin da ya samu, ya ƙara kaɗan, ya raba wa kwanakin kamar mai raba wa yara alewa, wannan ashirin da uku, wancan sha tara, don kada wata rana ta fi wata jan ido. Zafin ma ya ƙirƙiro, har da ɗigo da rabi don abin ya yi kama da gaskiya. Hannunsa ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ba shi kunya in ya tuna.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Hedimasta mutum ne mai son sanin komai, shi ya roƙi hedikwata ta ba makarantarsa ma'auni don yara su koya, yana aika nasa lissafin kyauta. Da takardun biyu suka saɓa, aka turo mai duba aiki. Mutumin ya tsaya a filin makaranta, gaban malamai, ya ce awo ba aikin alli ba ne, kowa ya tsaya inda ya iya. Ya sa aka tumɓuke ma'aunin aka jefa a bayan mota. Mai Awo yana wurin, hannu a baya, ya yi gum kamar an ɗinke masa baki.

Auta ta dawo da kofi biyu, ta ajiye masa ɗaya. Ta buɗe kwamfuta tana ta zuba, wai shugabanta ya ce za a sa sunan Baba a shafin godiya. Yana jin ta sama-sama. Zuciyarsa tana ce masa ya bari kawai, hedimasta ya rasu, mai duba aiki ya rasu, takardun hedikwata gara ta yi masa maganinsu. Shekara arba'in babu wanda ya tambaya. Sai dai ya san titin bayan kasuwa, ya san gidajen da ke gangaren, akwai na telan da ke yi masa ɗinki, mai 'yan biyu. Ruwan nan ya gan shi da idonsa, kuma ya san abin da ya taɓa zuwa zai iya dawowa.

"Auta, rufe na'urar nan."

Ta ɗago. "Lafiya, Baba?"

"Na hedimasta za ki ɗauka. Nasa ne daidai."

"Kai dai Baba da kara. Mutum ya rasu ba shi ke nufin..."

"Ba kara ba ce. Ba na gari a kwanakin nan. Lambobin nan da kaina na ƙaga su."

Ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai kuma yi wa kansa ado ba. Ya so ya ce yarinta ce, ya so ya ambaci goyon da ke bayan uwarta a lokacin, sai ya ji duk wannan neman sassauci ne, ya haɗiye. Matarsa ta zo bakin ƙofa da tsumma a hannu ta tsaya, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Auta ta mayar da ido kan shafin. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Shi hedimastan ya sani?"

"Ya sani. Ta gaban tashar yake wucewa zuwa makaranta, kwana tara yana ganin kwaɗo. Da buɗe baki ɗaya zai yi a kore ni." Ya goge fuska da tafin hannu. "Shekara ashirin bayan nan muna haɗuwa a hanya, shi ke fara gaishe ni. Ya ce, Mai Awo, yau nawa aka samu? In faɗa masa, ya ce madalla. Na sha shirya zuwa gidansa in roƙi gafara. Kullum sai in ce gobe, har aka zo aka ce ya cika."

"Kai kuwa, malam," in ji matarsa daga bakin ƙofa. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta juya kicin.

Auta ta jawo kwamfutar ta goge lambobi tara ɗaya bayan ɗaya, ta shigar da na hedimasta. Ta ce zanen Litinin ya rushe, sai ta sake daga tushe, kuma dole ta gaya wa shugabanta dalili. Ya ce ta gaya masa, kada ta ɓoye komai. Ya ɗauka in ya sauke maganar zai ji sakayau, amma bai ji ba, don ya ga yadda ta ƙi haɗa ido da shi.

Ta tattara kayanta, sannan ta tsaya tana duban jerin littattafan da ke saman kabad.

"Baba, akwai wasu kwanakin?"

"Babu. Waɗannan taran ne kawai, Allah ne shaidata."

Gaskiya ya faɗa. Ya auna cikin zazzaɓi, ya auna ranar da aka haife ta, ya auna da ƙafa a ɗaure bayan ya faɗi a babur. Kwana dubu goma sha ɗaya da 'yan kai, kowanne ya durƙusa ya duba layin da idonsa.

"To, Baba," in ji ta cikin ladabi.

Ta ajiye jakarta, ta taka kujera ta sauko da littafin shekarar farko. Ta koma ƙasa ta zauna, ta buɗe shafi na ɗaya, ta ɗora yatsa a kan layin farko ta fara bi a hankali, da fensir a ɗaya hannun.