Jan Tauraron Alƙibla

Masallacin ƙofar gidan Na'Allah a Zongo, ubansa ne ya gina shi, wani falken goro. Da zai yanka alƙibla sai ya jira bazara, ya dubi inda wani jan tauraro ke hudowa bayan magariba, ya kafa turke daidai nan. Na'Allah ya gaji masallacin da limancinsa, yana kuma alfahari da labarin fiye da kima.

'Yarsa Maijidda tana karatun kimiyya a jami'a. Wata magariba ya nuna mata tauraron. Ita kuwa, da rawar kan mai sabon karatu, ta ce ai ta san shi. Maƙwabcinmu ne in an gwada da sauran taurari. Ya girmi rana nesa ba kusa ba, kuma daga haskensa aka gane ƙarfen jikinsa bai kai na rana ba. Sannan ba a tsaye yake ba, tafiya yake yi.

Ba kowace gaskiya ake zuba wa dattijo a tsaye ba. Yaran yanzu ba su san wannan ba.

Tsufan bai dami Na'Allah ba. Ƙarfe cikin haske kuwa bai ma gane ba. Tafiyar ce ta tsaya masa a rai.

"Tun yaushe yake tafiyar?"

"Tun kafin a haifi Kaka, Baba."

Ta ce sai ya yi wajen shekara ɗari takwas kafin ya gusa faɗin wata. Ta ƙara da Faransanci, abin ya ƙara cakuɗewa.

"Ke, ya gusa ko bai gusa ba?"

"Ya gusa, amma…"

Abin da ya biyo bayan amma bai shiga kunnensa ba. Ya dai tambayi ɓangaren, ta ce kudu.

Washegari da azahar jama'a suka tarar ya karkata buzunsa dama kaɗan. Wasu suka bi buzu, wasu suka bi bango, sahu ya karye. Ladan Ɗantsoho ya ce in tauraro ya tafi Allah ya kiyaye hanya, Ka'aba dai tana inda take, bango ma haka. Tijjani tela ya ce to ai bangon da tauraron aka auna shi. In shaida ya sauya magana, ina hukunci? Na'Allah ya saurari kowa, ya ga kowa da gaskiya. Ya mayar da buzu, ya sake karkata shi.

Da la'asar aka ta da iƙama. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara, ya dubi bangon ubansa, ya dubi buzun. Hannun ya sauko. Mutane suna jira, wani ya yi gyaran murya.

"Ɗantsoho, shige gaba," in ji shi.

Ya koma sahun baya, ya tsaya yadda na kusa da shi ya tsaya. Bai sake jan salla ba.