Farfelar da Aka Juya Baya

Saja Crisanto Alvarenga ne ya kashe Laftanar Ovidio, kuma ba komai ya sa shi ba sai ganda.

Duk makanikin da ke sansanin ya san halin tsofaffin injinan jiragen yaƙin nan masu silinda a kewaye. In jirgi ya daɗe a ajiye, baƙin mai yakan tsiyaye ya taru a silindar ƙasa. Shi ya sa ake juya farfela da hannu kafin a tayar. In ta cije, sai a kwance fulogi a zubar da man. Aikin ƙazanta ne, ga cin lokaci.

Ran nan ta cije wa Crisanto. Ga rana tana dukan ƙeya, ga rediyo a rumfa ana shirin take ƙwallo. Sai ya mayar da farfelar baya, man ya koma bututu ya ɓuya, ta saki. Ya san sarai injin zai sake zuƙo shi.

Ovidio ya iso da hular tuƙi a hammata. Shi ya riƙe 'yar Crisanto ranar baftisma, shi ya sa yake kiransa kompadre.

"Kompadre! Tsohuwar tawa ta tashi lafiya?" Jirgin yake nufi.

"Ta fi ka lafiya, ranka ya daɗe. In dai za ta iya ɗaga tumbin nan."

"Ɗan banza, ai girkin matarka ne! Ka ce mata ta soya ayaba da wake, Lahadi ina tafe."

Da injin ya kama, sai ya yi ƙwal sau ɗaya, can ƙasa. Crisanto ya ji, har cikin haƙoransa. Ɗaga hannu kawai ya isa a kashe injin. Amma fa sai ya faɗi dalili a gaban kyaftin, da gaban makanikan da kullum yake zagi kan sakaci. Ya sunkuya ya janye katakon da ke tare taya, ya sara wa Ovidio.

Ya zauna gaban rediyon, bai ji ko wa ya ci ba. Idonsa na sama.

Sandar fistin da man ya lanƙwashe ta karye a saman gonakin kofi. Jirgin bai kai fili ba.

Da aka buɗe injin aka ga silindar ƙasa, kyaftin ya dubi Crisanto.

"Saja, ta cije maka?"

"Ta cije, ranka ya daɗe."

Aka tuɓe masa igiya a gaban fareti, kotun soja ta ɗaure shi shekara shida.