Bayan Siddiƙa da Bakin Rahama

Ni dai ban san abin da na tsare wa Rahama ba da za ta jefa mini jika a bakin duniya.

Siddiƙa jikata ce, 'yar Abdulbaƙi autana, a hannuna take tun yaye. Da ta shiga sakandare sai na ga yarinya tana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. Kafaɗu sun turo gaba, baya ya soma tudu. Na ce wa ubanta, da yake acaɓa yake yi zuwa Mai'adua, "Ajiye babur ɗin nan yau, Mai'adua ba guduwa za ta yi ba. Kai ta asibiti Daura."

Likitar ta ce ƙashi lafiya lau, zaman benci ne da jakar littattafai da yawan sunkuyo. Ta koya mata motsa jiki safe da yamma, ta ce in aka yi sake har ƙashi ya ƙosa, doro ya zauna ke nan. Yarinya za ta manna bayanta da ƙeyarta a bango, ta riƙa ɗaga hannuwa tana saukewa. Ta gitta sanda a bayan kafaɗu ta buɗe ƙirji, na ba ta muciyata. Sannan ta kwanta rub da ciki tana ɗago ƙirji. Don kunya, bayan rumbu take yi.

Ashe Rahama, maƙwabciyarmu, ta taka turmi za ta shanya kuɓewa a kan katanga. Ta hango yarinya kwance tana ɗaga kai kamar ƙadangare, ga muciya a gefe. Ta leƙo ta tambaye ni? Ina! Bakin famfo ta nufa. Kafin azahar gari ya ɗauka iskokai sun hau Siddiƙa. Har da mai kawo mini garwashi da tazargade wai a yi mata hayaƙi.

A makaranta yara suka dinga gyaɗa mata kai irin na ƙadangare. Ta dawo ta yar da muciya.

"Tashi ki yi abin likita."

"Wallahi Iya gara doron."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na hana ta fura. A banza. Sunkuyon ma ƙaruwa ya yi.

Na yafa mayafi na shiga gidan Rahama, na iske ta tana tankaɗe.

"Iya, sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Mai jiki gidanku! Ke Rahama, da kika haifi Mahdi, uwarki na can Kongolam ba ta zo ba, wa ya yi miki wankan jego?"

"Ke ce, Iya."

"Itacen wa aka ƙona? Kunun kanwa fa, wa ya dama?"

"Haba Iya, ai ban manta ba."

"Ni ma haka. Yau na zo karɓa. Da la'asar ki zo da muciyarki."

Ta zo tana ja da baya. Na sa aka buɗe ƙofar zaure, na aika wa masu tazargade su zo kallo. Na tsayar da Rahama a bango tsakar gida, na ƙwala wa Siddiƙa kira.

"Fito ki koya wa innarki, ba ta iya ba."

Ta leƙo daga ɗaki. Ta ga Rahama na ta kokawa da bango, ƙeya ta ƙi taɓawa.

"Inna Rahama, ba haka ba ne, haɓa za ki mayar ciki."

"To 'yar nan, wuyan ya ƙi!"

"Bari ki gani."

Yarinya ta fito ta manna bayanta tsaf, hannuwa sama, mata na kallo. Na ce musu, "To ga iskokan, sun hau wadda ta gano su. Wa ke da hayaƙi?"

Tun ranar Siddiƙa ba ta tsallake ba, ita ce malama ai. Da ubanta ya mayar da ita Daura, likitar ta ce baya ya soma miƙewa, a ci gaba.

Sai dai ni na jawo wa kaina. Rahama ta baza wai ciwon bayanta na daka ya yi sauƙi, yanzu kullum la'asar gidana cike yake da mata. Sun goge mini yaɓen bango da ƙeyoyinsu, sun shanye randa. Muciyata ma wata ta tafi da ita. Na san ko wace ce.