Kututturen da Tukiran Bai Sare Ba

Agwagin Sarinten sun ƙyanƙyashe mata 'ya'ya ashirin, shirwa ta bar mata tara. Kullum ta kora su fadama ta kafa wata gora mai farin tsumma da suke kiwo a gindinta, sai shirwa ta sauko ta ɗauki rabonta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don waɗannan taran su ne garken baɗi.

A bakin fadamar shinkafarsu akwai mataccen kututturen kwakwa, tsuntsayen da ake kira kekep sun yi sheƙa a kansa. 'Yan tsuntsaye ne masu baƙin kai da farin ƙirji, suna jeruwa a matse kamar mata a benci guda wajen biki. Sarinten ta lura ƙwaro suke cafkewa a sama, kuma ba ta taɓa ganin inuwar shirwa ta gitta wajen ba. Sai ta tuge gorarta ta mayar gindin kututturen.

Mijinta Tukiran kuwa, duk mai fiffike a wurinsa ɓarawon shinkafa ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jijjiga igiyar gwangwanaye don korar tsuntsaye, wa zai faɗa masa akwai tsuntsun kirki? Da hantsi ya iso da gatari. Shi Bu yake ce mata, ita kuma ta ce masa Pak, kamar yadda ma'aurata ke yi a garinsu.

"Matsa, Bu, yau zan tashi 'yan hayar nan."

"Haba Pak, ka taɓa ganin ƙwayar shinkafa a bakinsu?"

"Wane ɓarawo ne yake ci a gaban mai kaya?"

"To, sai dai ka fara sare ni," ta jingina da kututturen.

Suna cikin haka shirwa ta naɗe fukafukai ta nufo agwagin. Sarinten ta ƙwalla ƙara. Kafin ta rufe baki kekep shida sun tashi kamar an harba su. Wannan ya tsattsage ta a ƙeya, wancan ya bi ta ƙarƙashin fiffike, suna ta tsiwa. Shirwar da ta addabi fadama wata biyu ta juya ba ko waiwaye, suka raka ta har tsallaken rafi.

Sarinten ta ƙirga da yatsa. Tara cif! Daɗi ya kama ta har ta taka rawa cikin taɓo.

Tukiran ya girgiza kututturen da hannu, ya yi gyaran murya.

"Gindin nan ya ruɓe, Bu. Ina za a samu gora mai kauri mu tokare shi?"